WA ZAI SAURARI WANDA YA GA ABU A SAMA?



A wani dare na watan Janairun shekarar 2008, mutanen birnin Sakkwato da kewayensa sun ga wani haske ya keta sararin sama, sa'an nan suka ji ƙara mai ƙarfi ta biyo baya. Da gari ya waye aka sami labari cewa wani abu ya faɗo a ƙauyen Mana, kusa da birni. Daga baya masana suka gwada shi, suka tabbatar ƙarfe ne irin wanda ke yawo a sararin samaniya, wanda ya kutso cikin iskar duniyarmu yana ci da wuta har ya kai ƙasa. A cikin jerin sunayen duwatsun sama da masana ke ajiyewa, da sunan birninmu aka rubuta shi.

Amma tsakanin lokacin da aka ga hasken da lokacin da aka sami bayani akwai wani ɗan zamani na rashin sani. A kan wannan ɗan zamani nake so mu yi tunani tare. Idan mutum ya ga abin da ya kasa ganewa, ya zo ya faɗa, me ya wajaba ga hukuma ta yi da maganarsa? Me ya wajaba ga ɗan jarida? Mu kuma da muke ji muna yaɗawa, me ya wajaba a kanmu? Tambaya ce ta gaskiya da amana, kuma ta shafe mu ko da ba mu taɓa ɗaga kai mun dubi taurari ba.

Mu ɗauka wani masunci ne a Kwalkwalawa, a bakin gulbin Rima, ko wani manomin fadama da ya kwana yana ban ruwa. Irin waɗannan mutane sun fi mazauna cikin gari sanin sararin sama, domin a ƙarƙashinsa suke neman abinci. Sun san fitowar Zara da maraice, sun san Gamzaki da asuba, sun san fitilar jirgin sama idan yana wucewa. To idan irin wannan mutum ya ce ya ga wani haske wanda bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ina zai kai maganarsa? Hanyar da ta ratsa ƙauyensa ita ce mai zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda masana suke. Duk da haka abu mafi yiwuwa shi ne a yi masa dariya, ko kuwa wani ya ɗauki maganarsa ya ƙara mata gishiri ya watsa ta cikin waya. Ta kowace fuska an yi hasarar shaidarsa.

Turawa suna da suna ga irin wannan abu, wanda suke taƙaitawa da haruffa uku, UFO. Ma'anarsa kawai ita ce abu mai shawagi a sama wanda ba a gane ko mene ne ba. Sunan bai ce baƙin halittu ne daga wata duniya ba, bai kuma ce mai ganin ya yi ƙarya ba. Suna ne na tawali'u, wanda ke amsa cewa sani bai kai can ba tukuna. Tarihin shekaru kusan tamanin ya nuna yadda tsayawa a kan wannan tawali'u ya gagari gwamnatoci da jaridu.

YADDA GWAMNATI TA YI

A ƙasar Amurka ne wannan magana ta fi yin tsawo, don haka a can za mu fi ganin darasi. Ranar 8 ga Yuli, 1947, sansanin sojan sama na Roswell a Jihar New Mexico ya ba da sanarwa cewa ya tsinci wani faifai mai tashi. Ba a jima ba manyan hafsoshi suka janye maganar, suka ce balan-balan ne na auna yanayi. Sai a shekarar 1994 rundunar sojan sama ta bayyana cewa tarkacen na wani shiri ne na asiri mai suna Mogul, wanda ake ɗaga na'urori sama da balan-balan domin a saurari ƙarar gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet. Shekara 47 ke nan ana riƙe da bayanin da bai cika ba.

A watan Janairun 1953 hukumar leƙen asiri ta CIA ta tara wani kwamitin masana a ƙarƙashin H. P. Robertson. Kwamitin bai sami wata shaida cewa abubuwan da ake gani barazana ne ba. Abin da ya dame shi shi ne yawan rahotannin, kada su toshe hanyoyin sadarwa na soja a lokacin yaƙi. Saboda haka ya ba da shawara a yi amfani da kafofin watsa labarai a rage wa maganar kwarjini a idon jama'a. A cikin waɗannan shekaru kuma aka fara tashi da jirgin leƙen asiri na U-2, wanda ke hawa sama fiye da ƙafa 60,000. Da faɗuwar rana, lokacin da ƙasa ta riga ta yi duhu, jikinsa yakan ci gaba da ƙyalli a can sama, matuƙan jiragen fasinja su gan shi kamar wuta. A 1997 masanin tarihin CIA, Gerald Haines, ya rubuta cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 irin waɗannan jirage ne suka jawo su, kuma hukuma ta riƙa ba jama'a bayanai na ruɗi domin ta kare asirinta. Watau mutane sun ga abu na zahiri, waɗanda suka san ko mene ne kuwa suka ce musu idonsu ne ya yaudare su.

A nan ne tambayar ɗabi'a ta taso. Wani zai ce, ai lokacin yaƙin cacar baka ne, kuma kowace gwamnati tana da asirin da bayyana shi zai jefa rayuka cikin haɗari. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi soja ya shelanta duk abin da yake yi. Amma akwai bambanci tsakanin riƙe asiri da faɗin ƙarya. Wanda ya ce, wannan al'amari ne na tsaro, ba zan yi bayaninsa yanzu ba, ya hana ka wani sani, amma ya bar maka hankalinka da mutuncinka. Wanda ya ce maka ba ka ga kome ba, alhali ya san ka gani, ya sa a cikin zuciyarka abin da ya san ba haka yake ba, ya kuma mai da kai abin dariya a gaban maƙwabtanka. Likita yana riƙe asirin majinyaci, alƙali yana riƙe asirin shari'a, ba tare da sun yi ƙarya ba. Abin da ya yiwu gare su ya yiwu ga hukuma.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Shirin binciken sojan sama da aka sani da Blue Book, wanda aka rufe a 1969, ya tara rahotanni 12,618 tun daga 1947, ya bar 701 ba tare da bayani ba. Wannan aiki ne mai yawa, amma mutane da yawa ba su yarda da sakamakonsa ba, domin bakin da ya taɓa ruɗinsu ne ya faɗa. A watan Yunin 2021 ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya fitar da rahoto a kan abubuwa 144 da yawancinsu sojoji ne suka gani, ya ce guda ɗaya kaɗai ya iya tantancewa, ya kuma amsa cewa tsoron ba'a yana hana matuƙa jirage faɗin abin da suka gani. A watan Maris na 2024 ofishin da Ma'aikatar Tsaro ta kafa domin wannan bincike ya ce bai sami wata shaida ta fasahar baƙin halittu ba. Mai yiwuwa wannan ita ce tsantsar gaskiya, amma jama'a da dama suka kaɗa kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumar da ta sayi kwanciyar hankali na ɗan lokaci da ƙarya, da amanar jama'arta ta biya kuɗin, kuma ranar da take bukatar a gaskata ta sai ta tarar asusun babu kome.

YADDA JARIDU SUKA YI

'Yan jarida ma suna da nasu kaso. Ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ga abubuwa tara suna wucewa da gudu kusa da Dutsen Rainier a Jihar Washington. Daga baya ya bayyana cewa yadda suke tafiya ne ya kwatanta da ɗan farantin shayi idan an wurga shi yana tsalle a kan ruwa. Jaridu suka ɗauki kwatancin suka mai da shi suna, aka wayi gari duniya tana maganar faranti mai tashi. Daga nan rahotannin masu cewa sun ga faranti a sama suka yi ta kwarara. Kalmar da ɗan jarida ya zaɓa ta zama tabarau da dubban mutane suka riƙa duban sama da shi.

Tun daga lokacin, kafofin watsa labarai sun fi zama a ɗaya daga cikin wurare biyu. Wasu sukan ajiye irin wannan labari a ƙarshen shiri domin a yi nishaɗi, mai karantawa yana murmushi. Wasu kuma sukan buga shi da manyan haruffa, su cika shi da abin tsoro domin jarida ta sayu. A ido kamar kishiyoyi ne, amma tushensu ɗaya. Duka biyu sun yanke hukunci kafin su bincika, duka biyu kuma sun mai da mai shaida hajar kasuwa. Mai ba'a yana sayar da dariya, mai zuzutawa yana sayar da tsoro, ba wanda ya ɗauki wahalar zuwa ya tambayi mutumin ƙarfe nawa ne, daga wace kusurwa hasken ya fito, wa kuma ya gani tare da shi. Majalisar Batikan ta Biyu, a cikin takardarta ta 1963 a kan kafofin sadarwa, ta koyar cewa al'umma tana da hakkin samun labari, kuma labarin ya zama na gaskiya, cikakke, cikin iyakar adalci da ƙauna. Idan aka auna ba'a da zuzutawa a wannan ma'auni, babu wanda ya cika mudu.

RANAR DA AKA SAURARI TALAKA

Akwai hanya ta uku, kuma tarihin duwatsun sama da kansa ya nuna ta. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, yawancin masanan Turai suna ɗaukar labarin dutse ya faɗo daga sama a matsayin camfin ƙauyawa. Ranar 26 ga Afrilu, 1803, duwatsu kimanin 3,000 suka zubo a kewayen garin L'Aigle a ƙasar Faransa. Gwamnati ta aiki wani matashin masani, Jean-Baptiste Biot. Ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma da ma'aikata da limamai, yana gwada maganar wannan da ta wancan, ya kuma gwada duwatsun da irin na yankin ya ga ba su da dangantaka. Rahotonsa ne ya sa masana suka sallama. Ƙauyawan da aka daɗe ana yi wa dariya su ne ke da gaskiya, kuma wani reshe na ilimi ya tsiro domin an sami mutum ɗaya da ya tafi ya saurara.

Mu ma muna da namu. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami da ke ƙasar Katsina, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kimanin mita 3 daga inda yake. An tono shi, aka kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Bayan shekaru da yawa masana suka sami 'yar iska maƙale a cikinsa, suka ga ta dace da iskar duniyar Mas kamar yadda kumbunan Viking suka auna ta a 1976. Ashe ɓallin wata duniya ne ya sauka a gonar Bahaushe. Da an ce da manomin nan mafarki ya yi, da duniya ta rasa ɗaya daga cikin shahararrun duwatsun Mas da ke hannun masana. Irin wannan dutse ne, mai nauyin fiye da kilo 24, aka tsinta a yankin Agadas a 2023, aka sayar a birnin New York a watan Yulin 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, sa'an nan gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Abin takaici ne a ce sai abu ya yi kuɗi kafin a kula da shi.

Sai dai mu lura da wani abu. Girmama mai shaida bai zama amincewa da duk fassararsa ba. Gani daban, fassarar abin da aka gani daban. Mutum yana iya faɗin gaskiya cewa ya ga haske, ya kuma yi kuskure a kan ko hasken mene ne. Yawancin rahotannin da aka bincika a duniya sun ƙare a kan Zara, ko balan-balan, ko jirgin sama, ko tauraron ɗan Adam. Tun daga 2019, jerin taurarin ɗan Adam na Starlink, masu tafiya a layi kamar ayarin fitilu, sun firgita mutane a ƙasashe da yawa. Mai bincike na ƙwarai yana karɓar abin da ido ya gani da muhimmanci, sa'an nan ya auna fassarar da natsuwa. Idan ya gano, ya faɗa. Idan bai gano ba, ya ce bai gano ba, ya bar ƙofa a buɗe. Faransa ta kafa ofishi na musamman domin wannan aiki a cikin hukumarta ta sararin samaniya a 1977, ta kuma fara buɗe takardunsa ga kowa a intanet a 2007. Ba a ji sama ta faɗo musu saboda sun yi haka ba.

ME YA SHAFE MU?

Na san wani zai ce, Fada, muna fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, ina ruwanmu da fitilu a sama? Amsa ta fari ita ce, abin da ke faruwa a sama ya taɓa jawo hasara a ƙasa. A watan Janairun 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun ƙone otal-otal da mashaya suna cewa zunubin da ake yi a wuraren ne ya jawo shi. Da husufin rana na 29 ga Maris, 2006 ya gabato, wanda ya rufe rana ɗungum a Gusau da Katsina, Gwamnatin Tarayya ta riga ta yi shela tun da wuri, ta bayyana abin da zai faru, ta ce kada a firgita. Jama'a suka fito suka kalli ikon Allah, suka koma harkokinsu. Bayani na gaskiya a kan kari ya yi aikin da bindiga ba za ta iya ba.

Amsa ta biyu ta fi kusa da gida. A daren 25 ga Disamba, 2025, mutanen Jabo a Ƙaramar Hukumar Tambuwal sun ga sama ta yi ja, suka ji fashewa. Daga baya aka sanar cewa Amurka ce ta harba makamai masu linzami a kan wuraren da ta ce sansanonin 'yan ta'adda ne a Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya ta ce da haɗin kanta aka yi, ta kuma tabbatar tarkacen makaman ya faɗa a Jabo. A zamanin jirage marasa matuƙi da makamai masu cin dogon zango, haske a sama yana iya zama dutse, yana iya zama tauraron ɗan Adam, yana kuma iya zama abin da zai kashe yaron da ya je ɗaukar tarkacensa. Talaka yana bukatar ya san wanne ne, da sauri, daga bakin da ya amince da shi. Irin wannan amincewa kuwa ba a ƙera ta a dare ɗaya. Ana tara ta ne a kwanakin da hukuma ta faɗi gaskiya a kan ƙananan abubuwa.

Game da ko akwai wasu halittu masu rai a wasu duniyoyi, har yau babu tabbatacciyar shaida, kuma bai kamata tambayar ta tsorata mai bangaskiya ba. A 2008 Fada José Gabriel Funes, wanda a lokacin shi ne shugaban cibiyar nazarin taurari ta Batikan, ya bayyana cewa yiwuwar hakan bai saɓa wa bangaskiya ba, domin ba mu ne za mu sa wa Mahalicci iyaka ba. Wanda ya tsaya a nan ba ya bukatar ƙaryata abin da bai gane ba, ba ya kuma bukatar gaskata kowace jita-jita.

Saboda haka ga roƙona. Ga masu mulki: ƙasar da ta kafa hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na fari a 2003, ba za ta kasa samar da wurin da manomi zai kai rahoton abin da ya gani a ba shi amsa cikin harshensa ba. In akwai asiri, a ce akwai asiri. In ba a sani ba, a ce ba a sani ba. Ga malaman jami'a: ku shiga gidajen rediyo ku yi bayani da Hausa tun kafin jita-jita ta riga ku, ku kuma tuna cewa maƙwabtanku na bakin gulbi shaidu ne masu daraja. Ga 'yan jarida: ku je wurin da abin ya faru, ku tambaya, ku rubuta abin da kuka tabbatar a gefe ɗaya, abin da ake zato a gefe ɗaya.

Ga mu duka kuma, tun da yake kowane mai waya a yau ya zama ɗan jarida: kafin ka tura hoto ko murya a WhatsApp ko Facebook, ka tambayi kanka wa ya gani, a ina, yaushe. Idan ɗanka ya zo ya ce ya ga wani abu a sama, kada ka kore shi da dariya, kada kuma ka cika shi da labarin aljanu. Ka fita tare da shi ku duba, ku tambayi wanda ya fi ku sani. Idan wani abu ya faɗo, kada a taɓa shi, a sanar da hukuma. Yaron da ya ga mahaifinsa yana iya cewa ban sani ba, bari mu bincika, ya koyi darasin da zai amfane shi a kasuwa, a kotu, da ranar zaɓe.

Allah ya ba shugabanninmu zuciyar faɗin gaskiya, ya ba mu kunnen sauraron juna, ya kiyaye ƙasarmu daga tsoro da ruɗi. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.